Tambaya da Amsa: RNA mai igiya biyu, daga gudawar yara zuwa Gumboro

Tambaya: Assalamu alaikum. An koya mana cewa DNA igiya biyu ce, RNA kuma igiya ɗaya. Sai ga shi na karanta wai bairos ɗin rota mai sa yara gudawa, RNA ɗinsa igiya biyu ce. Wanne zan kama?
Daga wata ɗalibar kimiyyar halittu, Yelwa, Bauchi

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yarmu. Kama duka biyun, ƙa'ida aka ba ki ba a faɗi togaciyarta ba. RNA, kamar DNA, igiya ce mai ɗauke da bayanan gado, haruffanta huɗu ne: A na kama U, G na kama C. Duk inda igiyoyi biyu masu dacewa suka haɗu sai su tufke kamar igiyar rama, kusan haruffa 11 a kowane murɗi. Rota na ɗauke da gunduwa 11 na irin wannan, bairos ɗin Gumboro na kaji gunduwa 2, na ciwon dawakin Afirka kuma 10.

Lafiyayyen tantanin jiki ba ya barin doguwar RNA mai igiya biyu tana yawo a cikinsa, saboda haka ganinta tamkar ganin sawun baƙo ne a tsakar gida da asuba. Hatta bairos masu igiya ɗaya, irin na shan inna da korona, sai sun yi igiya biyu na ɗan lokaci in suna kwafin kansu, a nan asirinsu ke tonuwa. Masu gadin tantanin kuwa wasu furotin ne, kowa da aikinsa. TLR3 na zaune a 'yan jakunkunan da tantani ke haɗiye abu, ba ta motsi sai tsawon ya kai haruffa 40 zuwa 50. RIG-I na kama gajeru, MDA5 dogaye. Su ukun nan ke sa a saki intaferon, shelar da ke gaya wa maƙwabta su kulle ƙofa. PKR ta fi kowa zafin hannu: haruffa kusan 30 sun ishe ta, ta dakatar da ƙera furotin gaba ɗaya, na bairos da na mai gida.

To yaya rota ke tsira? Riga uku gare shi, kuma ta waje kaɗai yake tuɓewa in ya shiga tantanin hanji. Injin kwafinsa, VP1, na aiki ne a cikin sauran biyun, yana turo igiya ɗaya-ɗaya ta 'yan ƙofofi, mai igiya biyun ba ta taɓa leƙowa waje. Mu ma muna da 'yar tamu RNA da ke naɗewa ta yi biyu, sai dai furotin ADAR1 kan canza mata wasu haruffan A don kada MDA5 ta ɗauke ta baƙuwa. In ADAR1 ta samu tawaya tun daga haihuwa, jiki ya dinga sakin intaferon ba cuta ba dalili, har ya taɓa ƙwaƙwalwar jariri.

Tun da kin ambaci rota, ki tuna wa iyayen unguwarku: tun 2022 rigakafinsa na cikin jadawalin yara a Najeriya, ɗigo ne a baki a mako na 6, na 10 da na 14.

Tambaya: Na yi wa kajina 500 rigakafin Gumboro a ruwan sha, amma suna shiga mako na huɗu suka fara zawo fari suna mutuwa. Maganin jabu ne?
Daga wani mai kiwon kaji, Tumfure, Gombe

Amsa: Allah ya mayar da alheri, Alhaji. Kafin a zargi kwalba, a sa likitan dabbobi ya buɗe mushe biyu ko uku. Gumboro kan kumbura wata 'yar jaka da ke saman dubura, ya bar ɗigon jini a naman cinya da ƙirji, kuma ya fi kama tsaki daga mako 3 zuwa 6.

In shi ne, yawanci ba jabu ba ne, mutuwa rigakafin ya yi a hanya. Bairos ne mai rai da aka raunana, yana son sanyin digiri 2 zuwa 8. Kwalbar da ta yini a aljihu ko a but ɗin mashin cikin zafin watan Afrilu ba abin dogaro ba ce. Ruwan famfo mai kilorin na kashe shi, haka mazubin da aka wanke da maganin kashe ƙwayoyi ba a ɗauraye ba. A janye musu ruwa awa ɗaya zuwa biyu, da sassafe, a zuba garin madara marar maiƙo giram 2 a kowace lita, a buɗe kwalbar a cikin ruwan, a ƙara mazubai yadda kowa zai samu wuri, su shanye kafin awa biyu.

Sai maganar lokaci, wadda aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Tsako na fitowa da garkuwar uwarsa daga gwaiduwa. In aka yi da wuri, garkuwar ta cinye rigakafin. In aka makara, cutar ta riga shi. Shi ya sa ake tambayar wurin ƙyanƙyasa irin rigakafin da iyayen suka samu, likita ya tsayar da rana, yawanci tsakanin mako biyu da uku.

Maganin kashe bakteriya ba ya taɓa bairos ɗin. Kuma ba shi da rigar maiƙo da sabulu zai narkar, yana iya yin watanni a ɗakin kaji. A kwashe diddiga kaf, a wanke, a yi feshi da mai aidin ko fomalin kafin a zuba sabbi.

Tambaya: Gwajin gaggawa na nuna rota a bayan gidan yaro, amma RT-PCR, gwajin da ke neman RNA ɗin bairos, ba ya nuna komai. Ina matsalar?
Daga wani ma'aikacin ɗakin gwaji, Azare

Amsa: Malam, fara duba ko kana warware igiyoyi biyun RNA ɗin rota. 'Yan guntayen firaima, waɗanda ke manne wa RNA don a fara kwafi, ba sa samun wurin kamawa muddin biyun na tufke. Haɗa RNA da firaima, dafa a digiri 95 zuwa 97 na minti biyar, ka tsoma cikin ƙanƙara nan take, sannan ka zuba inzayim ɗin RT mai juya RNA zuwa DNA. In ka bari ya huce a hankali sai su sake tufkewa, in kuma ka zuba inzayim kafin dafawa ka ƙona shi. Bayan gida ma na ɗauke da abubuwan da ke hana PCR tafiya, don haka gwada tsarma abin da ka tato sau goma ka maimaita. In akwai kayan jel na foliyakrilamaid da rinin azurfa, sai ka tabbatar da su: rota rukunin A kan jera gunduwoyinsa huɗu, biyu, uku, biyu.