Takin zamani ko na gargajiya: wanne ya fi wa gona?

Malam, ka ce duk shekara kana ƙara buhun taki amma masararka sai baya take yi, kana tambaya ko ka koma kashin dabbobi kacokan. Kada ka bar ɗaya don ɗaya, aikinsu ba iri guda ba ne. Takin zamani shuka yake ciyarwa, na gargajiya kuwa ƙasar yake gyarawa.

A takin zamani, buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin, wato sinadarin da ke sa shuka girma da koren ganye, na NPK 15-15-15 kuwa kilo 7.5. Kashin shanu sai ka tara tan-tan kafin ka kamo wannan, kuma a hankali yake saki, har shekara ta biyu da ta uku. Amma shi ne ke sa ƙasa ta riƙe danshi, ta yi laushi. Jigawar da ta rasa ruɓaɓɓen abu ba ta riƙe taki, ruwan sama mai ƙarfi sai ya wanke shi ƙasa da inda saiwa take kaiwa. Yuriya zalla shekara da shekaru kuma tana sa ƙasa tsami. Ina kyautata zaton nan matsalarka take.

Kafin huɗa ka watsa ruɓaɓɓen taki kamar tan 5 a hekta, ka juya shi cikin ƙasa. Idan bai isa ba, ka wadata sashe ɗaya bana, wani baɗi. Ɗanye kada ka kusance shi, musamman kashin kaji: yana ƙona saiwa, na shanu kuma ya kawo maka irin ciyawa. A tara shi a inuwa, a yayyafa ruwa, a riƙa juyawa duk mako 2 har zafinsa ya mutu, ya yi baƙi, warin ya tafi. Yakan ɗauki wata 2 zuwa 3. Wanda aka bari rana da ruwa suna dukansa, ƙarfinsa ya ragu sosai.

NPK a sa shi cikin mako 2 da shuka, yuriya a mako na 5 zuwa 6, ƙasa na da laima. Tona rami santimita 5 daga gindin shuka, ka zuba, ka rufe. Rufewar nan ita ake yawan sakaci da ita, alhali yuriyar da aka bari a fili iska take bi. Kuma kada ka gauraya ta da toka.

Ka riƙa duba ganye: idan na ƙasa suka fara rawaya, naitirojin ne ya gaza, idan suka yi shunayya tun shuka na ƙarama, fosfaras ne, ɗaya daga sinadarai ukun da ke cikin NPK.