Kwamfutata tana cijewa, in ci bashi in sayi sabuwa?

Tambaya: Ni ɗaliba ce a shekarar ƙarshe. Mun ɗauki gajeren fim na minti 10, amma hotunan sun kai awa 4, duk a 4K, wato hoto mai fita tar amma mai nauyi. Da na zuba su a kwamfutata don fara editin sai ta riƙa cijewa. Kuɗin hannuna kaɗan ne. In ci bashi in sayi sabuwa, ko in biya kuɗin manhajar editin ta Premiere Pro?

Amsa: Ƙanwata, ki ajiye maganar bashi tukuna. Sau da yawa laifin ba na kwamfutar ba ne. Wayoyi da yawancin ƙananan kyamarori suna adana bidiyo a tsarin H.264 ko H.265, wato a matse, kuma kwamfuta sai ta warware shi duk lokacin da kika matsa gaba ko baya. Wannan aikin ne ke gajiyar da ita. Maganinsa shi ne abin da masu editin ke kira furoksi: manhajar ta yi miki kwafi mara nauyi, misali 720p, ki yi yanke-yankenki a kansa, ranar fitar da fim kuma ta koma kan hoton asali. Ki bar ta ta kwana tana wannan aikin, da safe za ki ga bambanci.

Premiere Pro manhaja ce mai kyau, sai dai haya ce. Kika daina biya, ƙofa ta rufe, aikinki na ciki. DaVinci Resolve na kamfanin Blackmagic Design yana da nau'in kyauta mai fitar da fim har 4K, da sashen gyaran launi da na sauti a cikinsa. Yana da cin RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, don haka in taki 8GB ce, ki bincika ko ana iya ƙara ta zuwa 16GB, domin wasu kwamfutocin an liƙe musu ita. In ya gagara, Kdenlive da Shotcut kyauta ne, kuma duka suna yin furoksi.

Kuɗin naki ki sa su a ma'ajiya. SSD na waje guda ɗaya, wato ma'ajiya mai sauri, don aiki, sai hadis (hard disk) na gargajiya mai sauƙin kuɗi don kwafi na biyu, wanda za ki ajiye a wani wuri daban. Kada ki goge katin kyamara sai kin tabbatar hotunan suna wuri biyu. Na fi damuwa da wannan a kan komai, domin jinkirin kwamfuta haƙuri ke maganinsa, amma fitowar da ta ɓata sai an sake tara 'yan wasa. In canji ya rage, ki sayi hedifon mai waya. Na Bluetooth yana ɗan jinkirta sauti, sai ki kasa daidaita murya da leɓe.

Tambaya daga wani ɗalibi: Haɗin farko da na yi wa fim ɗina ya kai minti 22, malaminmu kuma minti 10 yake so. In fara gyaran launi ko in rage tukuna?

Amsa: Ɗan'uwa, rage tukuna. Haɗin farko dama yakan yi tsawo. Launi da kiɗa da goge sauti suna zuwa ne bayan an kulle hoto, wato an gama yanke-yanke gaba ɗaya, in ba haka ba za ka ɓata kwanaki kana gyara fitowar da za ka jefar. Ka nuna wa mutum biyu waɗanda ba su karanta labarin ba, kada ka yi musu bayani, ka lura da inda hankalinsu ya tafi kan waya. Ka fara yanka daga shiga ɗaki da gaisuwa da fita. Fitowar da kuka sha wahalar ɗauka ita za ta fi yi maka ciwo, to ka adana kwafin aikin da kwanan wata kafin ka cire ta, ka kalli fim ɗin gobe ba tare da ita ba.