Laba nawa ya kamata bakan gargajiya na farko ya kai?

Ɗan'uwa, na karanta tambayarka. Ka ce ka daɗe kana harbi da bakan zamani mai tayoyi na laba 70 (wato nauyin jan tsirkiyarsa), yanzu kana son komawa bakan gargajiya, kuma kana tunanin sayen mai laba 55 ko 60 domin ya yi maka koyo da farauta gaba ɗaya. Shawarata ita ce kada ka fara da shi. Na shafe shekaru ina harbi da dogon baka da kuma mai lanƙwasasshen baki, na kuma koya wa mutane da yawa, kuma abin da ya fi korar sababbi daga wannan harka shi ne bakan da ya fi ƙarfinsu.

Laba 70 ɗin da ka saba da ita ba ita kake riƙewa ba. Tayoyin nan suna ɗauke maka yawancin nauyin da zarar ka kai ƙarshen ja. Idan naka yana sauke kashi 80 cikin 100, laba 14 kacal ke hannunka a lokacin da kake saiti, shi ya sa kake iya tsayawa ka daidaita yadda kake so. Bakan gargajiya kuwa nauyinsa ƙaruwa yake yi har ƙarshe, kuma inda ya fi nauyi nan ne ake so ka natsu. Mai laba 55 yana nufin yatsu uku ne za su ɗauki laba 55 ɗin cif, ninki kusan huɗu na abin da jikinka ya sani.

Sannan lambar da aka rubuta a jikin baka an auna ta ne a jan inci 28. Duk incin da ka ƙara a kai, nauyi zai hau da laba 2 zuwa 3, duk incin da ka rage kuma zai sauka haka. Mai dogon hannu da ke jan inci 30 zai ji bakan laba 45 ya koma wajen 50. Kada kuma ka yi lissafi da tsawon jan da kake yi a bakan zamani, don mafi yawan mutane jansu yana raguwa kaɗan idan suka koma jan tsirkiya da yatsu. Ka sa wani ya auna maka, in da hali a auna nauyin da sikeli a daidai janka.

Abin da baka mai nauyi ke yi wa mai koyo shi ne ya fi damuna, don a hankali yake shiga. Ranar farko kibau goma na farko za su fita lafiya, mutum ya ce ai ba wani nauyi. Daga nan gajiya ta shigo. Sai ka ga yatsa ba ya kaiwa gefen baki, wurin da ya kamata ya riƙa tsayawa kowane harbi. Sai kai ya fara leƙowa gaba don ya tarbi tsirkiya, kafaɗar hannun da ke riƙe da baka ta ɗago sama, damtse ya karɓi aikin da naman baya, tsakanin allunan kafaɗa, ya kamata ya yi. Mafi muni shi ne sakin gaggawa: ido na ganin wurin saiti, yatsu sun saki tun kafin a cika ja. Idan wannan ya zauna a jiki, cire shi ya fi koyon harbi daga farko wahala, kuma na ga mutane masu ƙarfi sosai sun jingine baka saboda shi. Ciwon jijiyar kafaɗa ma daga nan yake samo asali. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, tsayuwar harbi ma a watannin farko take kafuwa.

Don haka namiji baligi ya fara da laba 30 zuwa 35, mace ko matashi 20 zuwa 25. Kada ka ji kamar an raina ka. Maza masu harbi a gasar Olamfik, waɗanda ke jefa kibiya mita 70 kuma wannan ne aikinsu kullum, yawancinsu laba 45 zuwa 50 suke riƙewa. Za ka ji ana kawo labarin Howard Hill, shahararren maharbin baka ɗan Amurka, da ya kashe giwa da bakan da ya haura laba 100, ko bakunan yaƙin da aka tsamo daga jirgin ruwan Ingila Mary Rose, wanda ya nutse a 1545, waɗanda aka ƙiyasta da yawansu sun wuce laba 100. Gaskiya ne, amma waɗancan mutane tun suna yara suke ja, kuma maharban yaƙi sulke suke son hudawa.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka sayi baka mai kwancewa, wanda ake cire rassansa biyu daga mariƙi. Samick Sage misali ne da aka sani, ana samun rassansa daga laba 25 zuwa 60. Ka fara da marasa nauyi, idan jiki ya saba ka ƙara laba 5, kada ka yi tsalle fiye da haka. Rassan farko kada ka rabu da su, za ka riƙa komawa gare su duk lokacin da harbinka ya rikice. Ka dai sani cewa canza nauyi yana iya sa ka canza kibau, don taurin sandar kibiya dole ya dace da ƙarfin baka, in ba haka ba sai ta riƙa fita tana wutsil-wutsil.

Yadda nake gwada ko nauyi ya yi wa mutum daidai: ya zauna a kujera, ya miƙa bakan saitin abin harbi, ya ja a hankali ba tare da ɗaga shi sama ba, ya riƙe ya ƙirga goma, sannan ya mayar a hankali ba tare da ya saki ba. Idan ya maimaita sau da yawa hannu bai yi rawa ba, nauyinsa ne. Dalilin zama shi ne a daji ba a yi maka alƙawarin tsayuwa mai kyau. Za ka iya shafe awanni a tsugune cikin sanyi, jiki ya sage, sannan dabba ta fito ta tsaya bayan itace kai kuma ka riga ka ja.

Batun farauta kuwa, fara duba dokar inda kake. A Birtaniya an hana farauta da baka tun 1965. A Amurka kowace jiha da ƙa'idarta: Alaska, alal misali, ta sa laba 40 a matsayin mafi ƙaranci ga barewa, laba 50 ga manya irin su mus (wata ƙatuwar dabba mai kama da barewa) da babban beyar. A ganina laba 45 a daidai janka ta ishi dabba mai girman barewa, muddin ka tsaya cikin yadi 20 ka kuma sa kibiya ta ratsa huhu biyu. Mai laba 60 da ya harbi ciki ya bar dabba ta tafi ta mutu cikin azaba inda ba zai same ta ba, kuma wannan alhaki ne.

Ƙarfin da kake nema a baka, ka neme shi a kibiya. Ka yi ta da nauyi, wajen giren 10 (giren ƙaramin ma'aunin nauyi ne da ake auna kibiya da shi) ga kowace laba, wato giren 450 ko giram 29 ga bakan laba 45. Kibiya mai nauyi tana rage ƙarar baka, tana kuma shiga jiki sosai. Binciken Dokta Ed Ashby, wanda ya faro a Afirka ta Kudu a shekarun 1980, ya nuna cewa kibiyar da ta kai giren 650 ta fi iya fasa babban ƙashi. Bakin kibiya ya zama mai kaifi biyu, wanda ke yanka tun daga tsini, a wasa shi har ya aske gashin hannu. Bakunan kibiya waɗanda kaifinsu ke buɗewa sai sun bugi jiki suna cin ƙarfi da yawa, ka bar wa bakan zamani su.

Idan ka auna tsawon janka, ka faɗa mini shi tare da irin dabbar da kake son farauta, sai mu duba tsawon baka da taurin kibiyar da za su dace da rassan laba 35.