Tambaya da Amsa: AI za ta iya matse mini gigabait 900 su shiga filashi ɗaya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon kwamfuta a Tudun Wada, kusa da Kasuwar Barci a nan Kaduna. Muna buga takardu, muna yin sikan, muna kuma juye tsofaffin kaset-kaset na tafsiri da wa'azi zuwa kwamfuta. Abin da na tara ya kai gigabait 900: takardun filaye, sakamakon jarrabawa, sautuka da bidiyon bukukuwa. Ma'ajiyata ta cika. Wani ya ce in biya shi ya sa mini manhajar AI da za ta matse su duka su shiga filashi mai gigabait 32, ba abin da zai ɓata. Gaskiya ne? Daga mai karatu a Tudun Wada.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Riƙe kuɗinka. Gigabait 900 irin naka ba za su koma 32 ba sai an zubar da wani abu. Amma fasahar da ya ambata akwai ta da gaske, kuma ina so ka gane yadda take aiki, don ka san inda za ta amfane ka da inda za ta cuce ka.

Tushen matse bayanai shi ne hasashe. In ka ce wa Bahaushe "Ina gajiya?", ka san amsar tun bai buɗe baki ba. Mai rubuta hirarku ba ya buƙatar rubuta "ba gajiya", ɗan ɗigo ya isa. Sai ranar da ya amsa da wani abu dabam ne za a kashe tawada. Claude Shannon ne ya kafa wannan da lissafi a 1948: abin da aka sa ran zuwansa wuri kaɗan yake ci, abin bazata shi ke cin wuri. David Huffman ya fito da hanyarsa a 1952, Lempel da Ziv suka zo da tasu a 1977, kuma a kan waɗannan biyun aka gina ZIP ɗin da ka sani.

Abin da na'ura mai koyo, wato AI, ta ƙara shi ne ƙwarewa wajen hasashen. ZIP maimaici kawai yake nema. Ita kuwa na'urar, bayan ta karanta rubutu mai ɗimbin yawa, tana iya cankar harafin da zai biyo baya, kamar yadda wayarka ke kawo maka kalma kafin ka gama bugawa. Duk inda ta canka daidai, an rage wuri.

Akwai gasa a kan wannan, wadda Marcus Hutter ya kafa a 2006. Tun 2020 ana ba masu fafatawa gigabait 1 na rubutun Wikipedia ta Turanci su matse. Manhajar gzip tana mai da shi kusan megabait 320, gwanayen gasar kuwa sun sauko da shi ƙasa da megabait 115, kuma in an warware, ko harafi ɗaya bai canza ba. A 2023 masu bincike na DeepMind, kamfanin binciken AI, sun gwada wata babbar na'urar harshe mai suna Chinchilla: ta matse hotuna zuwa kashi 43.4 cikin ɗari na girmansu, inda PNG, sanannen tsarin matse hoto, ya tsaya a 58.5, ta matse sautin magana zuwa kashi 16.4, inda FLAC, tsarin matse sauti, ya tsaya a 30.3. Wannan sakamako ya burge ni ƙwarai, domin da rubutu aka horar da ita, ba da hoto ko sauti ba.

To ga abin da mai tallar bai faɗa maka ba. Dokar gasar Hutter ta ba kwamfuta wajen awa 50 a kan gigabait ɗaya tak, kuma warwarewa ma kusan haka take ci. Ka lissafa naka 900, ka tuna halin wuta a Tudun Wada da kuɗin man janareta. Ita kuma Chinchilla, girman kanta ya haura gigabait 100, kuma ba a warware fayil sai da ita ɗin dai, wadda aka matse da ita. In ta ɓace, ko kamfanin da ya ba ka manhajar ya rufe, takardun mutane sun zama shara. Ƙari a kan haka, yawancin waɗannan na'urori da Turanci aka fi ciyar da su, don haka hasashensu a kan Hausa, balle ajami, ba ya kai na Turanci.

Sannan bidiyonka na MP4 da hotunan JPEG da sautin MP3 an riga an matse su. Ɗan abin da za a ƙara ragewa ba tare da asara ba bai taka kara ya karya ba.

Saura hanya ta biyu, wadda ake zubar da wani abu. A nan na'ura mai koyo ta yi nisa sosai. Google ya fitar da manhajar Lyra a 2021, mai ɗaukar magana a kilobit 3 cikin daƙiƙa, Meta ya biyo da EnCodec a 2022. Sirrinsu shi ne ba ainihin sautin suke ajiyewa ba, 'yan alamomi suke riƙewa, sai na'urar ta sake ƙera muryar da ta yi kama da ta asali. A kiran waya inda sabis ya yi rauni, wannan alheri ne. A kaset ɗin malamin da ya rasu, wanda babu wani kwafinsa a duniya, ban yarda ba. Mai karatun Alƙur'ani yana bambance haruffan da makusantan juna ne a furuci, kuma ba na son na'ura ta yi mana canke a wurin.

Takardun filayen nan su suka fi tayar mini da hankali. A 2013 wani masanin kwamfuta Bajamushe, David Kriesel, ya gano wasu injinan sikan na Xerox suna canza lambobi, 6 ta koma 8, saboda hanyar matsewar tana musanya siffofin da suka yi kama da juna. Takardar tana fitowa tas, ba mai zargin komai. Ka ƙaddara lambar fuloti a Rigasa ko Unguwar Rimi ce ta canza haka, magada suka je gaban alƙali da ita. Amana aka ba ka, ɗan'uwa.

Ga abin da zan yi in ni ne kai. Fara da share fayilolin da suka maimaita kansu, a shago irin naka ba a rasa su. Sautin da ka ajiye a WAV ka mai da shi FLAC, yakan rage kusan rabi kuma ba ya zubar da komai. Kwafin da za ka tura wa jama'a ta WhatsApp kaɗai za ka ƙanƙanta. Takardun rubutu da jadawali ka matse su da 7-Zip, kyauta ne. In kana da dubban ƙananan fayiloli masu kama da juna, kamar sakamakon ɗalibai, akwai Zstandard da Facebook ya saki a 2016, wanda ake nuna wa samfuri ya koyi tsarinsu kafin ya matse, kuma tsohuwar kwamfuta ma tana ɗaukarsa.

Kuɗin da ka so ba mutumin nan, ka cika ka sayi ma'ajiya ta biyu mai terabait 2. Ka kwafe komai a ciki, ka ajiye ta a gida, ba a shago ba, kuma duk wata ka buɗe wasu fayiloli ka tabbatar suna aiki.