Faifai Mai Fuska Uku: In Saya Ko In Bari?

Wasiƙu uku na ware a wannan makon, dukkansu a kan fayafayan 'yan barkwancin nan na Ingila, Monty Python. Su shida ne: Graham Chapman, John Cleese, Eric Idle, Terry Jones, Michael Palin, sai Terry Gilliam, Ba'amurke ɗaya tilo a cikinsu, wanda shi ne mai zane-zanensu. Sun yi shirinsu a talabijin na BBC daga 1969 zuwa 1974, kashi 45, kuma a gefe guda suna fitar da fayafayai na saurare.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina karatu a Manchester. A wani shagon tsofaffin kaya na ga faifan garmaho na Monty Python mai suna Matching Tie and Handkerchief. Mai shagon ya ce fuska uku gare shi, na ɗauka zolayata yake yi. Kuɗinsa ya kai cefanena na kwana biyu, ga shi kuma ana iya jin sa a waya. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Mai shago bai zolaye ka ba, ko da yake su masu faifan sun zolayi duk wanda ya saya. Faifan ya fito a 1973 a kamfanin Charisma. Ka san faifan garmaho layi ɗaya ne a kowace fuska, ya naɗe kamar gammo tun daga baki har tsakiya, allura tana bin sa. To su a fuska ɗaya sai suka sa aka yanka layi biyu, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, kowanne da nasa wasannin. Inda allura ta faɗa, shi za ka ji. Yau ka saurari abu ka sha dariya, gobe ka kira aboki ya zo ya ji, ka ɗora allura, sai ga wani abu daban da ba ka taɓa ji ba. Ka juya faifan, ka sake juyawa, ka fara zargin kanka. Ba su rubuta jerin wasannin a kwali ba, kuma takardar tsakiyar kowace fuska lamba 2 aka buga mata. Da gangan.

Na taɓa ganin wannan da idona a ɗakin wani dattijo mai tara fayafayai. Sau huɗu yana ɗaga allura yana saukewa don ya jiyar da mu wani wasa, sau huɗu tana faɗawa ɗaya layin. Ya cire tabarau ya goge, ya hura faifan, ya ce wa allurar "ke kuma fa?" A karo na biyar ta yarda.

Wannan ita ce amsar tambayarka. Abin da ke waya da CD sauti ne kawai, an jera fuskokin uku ɗaya bayan ɗaya, wayon ya tafi. Idan kana da garmaho, ko kana da niyyar saye, faifan ya ci kuɗinsa. Idan ba ka da shi, kada ka bar cikinka da yunwa don kwalin da za ka jingina a bango.

In ka yanke shawarar saye, kada ka biya sai ka duba abu uku. Na farko, ka ce mai shago ya ɗora maka shi, ya sauke allura sau da yawa a fuskar mai layi biyu har ka ji farko iri biyu da kunnenka, domin an sha sake buga faifan. Na biyu, kwalin. Na asali yana da 'yar taga da ake hango laktaye da hankici ta ciki, kamar kayan kyauta a kanti. Sai ka zaro rigar ciki ka ga ashe a wuyan wani mutum da aka rataye suke. Aikin Gilliam ke nan. In babu tagar ko rigar ciki ta ɓata, ka nemi ragi sosai. Na uku, ka ɗaga faifan saitin haske ka karkata shi. Karce a faifan kiɗa ana iya haƙuri da shi, ganga ta rufe, amma wannan magana ce zalla, kowane ƙas-ƙas a kan kalma yake sauka. Ka leƙa Discogs, shafin intanet na cinikin fayafayai, ka ga yadda ake sayar da irinsa kafin ka yi ciniki. Ranar da za ka dawo gida kuma, a jakar hannu za ka sa shi, a tsaye, kuma kada ka bar shi a mota ko na rabin awa. Ranar Maris ɗinmu mayar da shi take yi kamar faifan rufe ƙwarya da ya sha ruwa.

Tambaya: Malam, ni malamar Turanci ce a sakandare. An ce min sauraren barkwanci yana buɗe kunne. Da wane faifai nasu zan fara, kuma zan iya sa wa ɗalibai?

Amsa: Malama, don kanki e, don aji kuwa sai da tankaɗe da rairaya. Ki fara da Monty Python's Previous Record na 1972. A ciki akwai wasan mutumin da ya je ofis ya biya kuɗi don a yi musu da shi na minti biyar, sai ma'aikacin ya tsaya a kan ƙaryata duk abin da ya faɗa, har suka koma musu a kan ko wannan musu ne. Jimlolin gajeru ne, ana maimaita su, kuma babu darasin kore magana da tabbatar da ita da ya fi wannan shiga kai. Haka wasan mataccen aku, wanda ke faifansu na farko na 1970: mai saye ya dawo da akun da aka sayar masa a mace, mai shago ya dage barci yake yi, shi kuwa ya dinga jero duk hanyoyin da Bature ke cewa abu ya mutu. Wasan ya shiga bakin mutanen Ingila har firaministar Birtaniya ta lokacin, Margaret Thatcher, ta are shi a taron jam'iyyarta a 1990 don yi wa tambarin tsuntsu na jam'iyyar Liberal Democrats shaguɓe.

Amma in gaya miki gaskiya, rabin habaicinsu ba zai same ki ba da farko. Masu gabatar da shirye-shiryen BBC na wancan zamani suke kwaikwayo, da alƙalai, da hafsoshin soja, da ma'aikacin gwamnati mai ɗaurin laktaye wanda ke faɗin shirme cikin natsuwa. Kuma sau da yawa wasan ba ya da ƙarshe, ana cikin abu sai a yanke a shiga wani. Wasan shagon cuku da ke faifan 1973, inda mai saye ya lissafa cuku sama da iri 40 babu ko ɗaya, ga wanda bai san sunayen ba jerin surutu ne kawai. Kada ki sayi komai tukuna. Ki ji a waya, ki ware guda biyu ko uku, ki rubuta kalmomin a allo.

Ɗalibanki za su so jin wannan: kalmar spam da suke gani a imel ɗinsu sunan wani naman alade ne na gwangwani. A wani wasa da ke faifan Another Monty Python Record na 1971, kusan duk abincin da ke gidan cin abinci akwai shi a ciki, wasu kuma suna ta rera sunansa har ba a jin maganar kowa. Daga nan sunan ya bi saƙonnin banza masu cika akwati.

Tambaya: Ina so in sa a mota in muna tafiya Kaduna da iyali. Akwai matsala?

Amsa: Akwai, Alhaji. Waɗannan mutane ba su bar kowa ba, har limaman coci da sha'anin ibada, fim ɗinsu na 1979 ma sai da Ireland da Norway suka hana nuna shi. Akwai batsa a fili nan da can. Faifan 1980, Contractual Obligation Album, wanda sunansa ma ke cewa don cika yarjejeniya da kamfani kawai aka yi shi, yana da waƙoƙin da ba za ka so ɗanka ya haddace ba, ciki har da mai ɗauke da kalmomin zagin ƙabilu. Ka saurara kai kaɗai da abin kunne, ka ware na aku da na musu in sun yi maka. Su ma ka shirya, domin daga Kwanar Dangora har Zariya duk abin da ka ce wa yaran "ba haka ba ne" za su amsa maka.