Shuke-shuke masu jan ganye na gefen lambu

Malam, ka tambayi waɗanne gajerun shuke-shuke masu ganye ja ko shunayya za su dace da gefen lambunka a karkarar Ringim, inda ƙasa ke da rairayi. A ganina, Alternanthera, wata gajeruwar shukar ado mai ƙananan ganye, ita ce ta fi cancanta, domin tana jure rana da aski, ana iya riƙe ta a tsayin taƙi ɗaya, kuma idan aka yanki reshenta aka soke a ƙasa mai laima da damina, sai ya yi saiwa. A bar tazarar taƙi guda tsakanin kowane tushe, a zuba ruɓaɓɓen takin gida domin ƙasar ta riƙe ruwa.

Tradescantia pallida, wata shukar ado mai dogayen ganye, ta fi Alternanthera jure ƙishirwa, kuma launinta na shunayya yana ƙara turuwa a rana, sai dai rassanta na da saurin karyewa, tana kuma yaɗo, don haka dole a riƙa datse ta. Coleus kuwa, shukar ado mai ganye masu launuka iri-iri, duk da kyanta, zafin bazara da ke haura digiri 40 yana ƙona ganyenta, sai a inuwar darbejiya.

Jar yakuwa tana yin tsayi da yawa, ba ta dace da gefe ba. Kafin dashe, a kewaye wurin da shinge saboda awaki.