Matashin da ya taso a zaɓen fid da gwani na Amurka: da me ake gane ko zai kai labari?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai bibiyar siyasar Amurka ne ta rediyo da intanet. Na lura duk lokacin da kakar zaɓen fid da gwani na shugaban ƙasa ta kama, sai wani matashi ya ɓullo, 'yan jarida su yi ta kambama shi, har a ce ga sabon Obama. Bayan 'yan watanni sai ka nemi sunansa ka rasa. Wanda ya fi ɗaure mini kai shi ne Pete Buttigieg, wanda aka ce ya zo na ɗaya a jihar Iowa a 2020, amma ko wata guda ba a cika ba ya janye. Shin ƙuruciyar ce take kayar da su, ko manyan jam'iyya ne ke danne su? In wani ya sake tasowa, da me zan gane ko zai kai labari?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Mu fara cire ƙuruciya daga cikin lissafin, domin ba kasafai take zama sanadin faɗuwar ba. Tsarin mulkin Amurka ya ce wanda ya cika shekara 35 zai iya zama shugaban ƙasa, kuma masu zaɓe sun sha bai wa masu ƙarancin shekaru. An zaɓi John F. Kennedy a 1960 yana da shekara 43, Bill Clinton a 1992 yana da 46, Barack Obama a 2008 yana da 47, kuma dukkansu sai da suka bi ta zaɓen fid da gwani suka kayar da waɗanda suka girme su. Abin da ke cin yawancin matasan nan shi ne, farin jini a talabijin daban, tara wakilai daban, kuma da wakilai ake ba da tikiti.

Ba a rana ɗaya ake wannan zaɓe ba. Jiha-jiha ake bi, daga farkon shekara har watan Yuni, kowace jiha da adadin wakilan da aka ware mata, waɗanda za su je babban taron jam'iyya su tsayar da ɗan takara. A 2020 jam'iyyar Democrat tana da wakilai 3,979 da ake samu ta hanyar ƙuri'a, mai son tikiti kuma sai ya haɗa 1,991. Jihohi biyun da suka buɗe fage a wannan shekarar, Iowa da New Hampshire, wakilansu gaba ɗaya 65 ne, ba su kai kashi 2 cikin 100 ba. Amfaninsu a wani wurin yake: su ne suke tace 'yan takara, su jawo wa wanda ya yi abin kirki hankalin 'yan jarida da kuɗin masu ba da gudummawa. Matsalarsu kuwa, kusan kashi 90 cikin 100 na mutanensu fararen fata ne, alhali jam'iyyar Democrat a faɗin ƙasar ta dogara ƙwarai da baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka.

A nan ne labarin Buttigieg yake. Shekararsa 38 a lokacin, muƙamin da ya taɓa riƙewa mafi girma shi ne magajin garin South Bend a jihar Indiana, gari mai mutum kusan dubu 100. Ya yi aikin soja a Afganistan a 2014, yana da baiwar magana, ba ya daburcewa a gaban mai tambaya, kuma bai ƙi zuwa kowane gidan talabijin ba, har da waɗanda 'yan jam'iyyarsa ke gudu. Cikin wata uku a tsakiyar 2019 ya tara kusan dala miliyan 25. Ya zuba dukiyarsa da ma'aikatansa a Iowa, kuma tsarin Iowa na lokacin ya dace da irinsa. Ba akwati ake jefa ƙuri'a ba. Da daddare, cikin tsananin sanyi, mutanen unguwa ke taruwa a ɗakin wasan makaranta ko coci, magoya bayan kowane ɗan takara su ware a kusurwa guda a ƙirga su ido da ido, kusan irin ƙato-bayan-ƙato. Duk rukunin da bai kai kashi 15 cikin 100 na mutanen ɗakin ba sai ya watse, mutanensa su zaɓi wata kusurwar. Wanda ya zama zaɓi na biyu a wajen mutane da yawa, ya kuma tanadi wakili mai iya lallashi a kowane ɗaki har ƙauyuka, shi ke kwashe ganima. Buttigieg ya yi haka, ya ɗara abokin takararsa Sanata Bernie Sanders da ɗan ƙanƙanin rata a lissafin wakilai, duk da Sanders ya fi shi yawan mutane. Sai dai manhajar da aka tanada don aika sakamako ta samu matsala, aka kwashe kwanaki ba a san wanda ya ci ba, daren da ya kamata ya zama nasa ya tafi a cece-kuce.

A New Hampshire ya zo na biyu, tsakaninsa da Sanders bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Joe Biden kuwa na huɗu ya zo a Iowa, na biyar a New Hampshire, har wasu masu sharhi suka fara yi masa ta'aziyya. Daga nan fage ya canza. A Nevada, inda 'yan asalin Latin Amurka ke da yawa, Buttigieg ya koma na uku. A Carolina ta Kudu, inda fiye da rabin masu zaɓen Democrat baƙaƙen fata ne, ya zo na huɗu da kusan kashi 8 cikin 100, Biden ya samu kusan 48. A cikin baƙaƙen fatar jihar ko kashi 5 bai samu ba. Ba a daren ne abin ya fara ba. Tun 2019 ƙuri'un jin ra'ayi ke nuna ba su san shi ba, waɗanda suka san shi kuma suna tuna dangantakarsa mai tsami da baƙaƙen fatar garinsa kan batun 'yan sanda, musamman bayan wani ɗan sanda farar fata ya harbe wani baƙar fata a South Bend a watan Yunin 2019, abin da ya sa ya dakatar da yaƙin neman zaɓe ya koma gida. Biden kuwa ya shekara takwas yana mataimakin Obama, kuma kwana uku kafin zaɓen, Jim Clyburn, ɗan majalisar da baƙaƙen fatar jihar ke jin maganarsa, ya fito ya mara masa baya.

Ka tambaya ko manya ne ke danne su. Akwai ƙamshin gaskiya, amma ba yadda ake zato ba. Jam'iyyar Democrat tana da wakilai na musamman, wato gwamnoni da 'yan majalisa da shugabannin jam'iyya, sai dai tun 2018 aka hana su yanke hukunci a zagayen farko na babban taro. Ƙarfin manya yanzu yana cikin nuna wa jama'a inda za a dosa. Buttigieg ya janye ranar 1 ga Maris, wata 'yar takarar, Amy Klobuchar, ta bi shi washegari, dukansu suka mara wa Biden baya, ranar 3 ga wata aka yi Babbar Talata, jihohi 14 a rana guda, Biden ya ci 10. Magoya bayan Sanders sun kira wannan haɗa baki. Ni dai a ganina lissafi ne ya kori Buttigieg tun kafin wani ya buga masa waya. Dokar jam'iyyar ta ce wanda bai kai kashi 15 cikin 100 ba a jiha ko a mazaɓa, ba shi da wakili ko ɗaya a wurin. Da ya tsaya, da ya shiga California mai wakilai 415 da Texas mai 228 yana lilo a ƙasa da wannan layi, ya fito hannu rabbana, a kuma ɗora masa laifin raba ƙuri'ar masu sassaucin ra'ayi.

Kwatanta shi da Obama, tunda da shi ake auna kowa. Obama ma Iowa ya fara ci, ranar 3 ga Janairun 2008, amma amfanin da ta yi masa daban ne. Kafin nan baƙaƙen fata da yawa suna tare da Hillary Clinton, wasunsu don ba su yarda farar fata za su zaɓi baƙi ba. Da suka ga jihar fararen fata ta zaɓe shi, sai suka dawo gare shi gaba ɗaya, ya ci Carolina ta Kudu da kusan kashi 55 cikin 100. Wato akwai jama'a da ke jiransa a gaba, Iowa ƙofa kawai ta buɗe masa. Yana kuma da abin da ya raba shi da abokiyar hamayyarsa wanda kowa zai iya faɗa a jimla ɗaya: ya soki yaƙin Iraƙi tun 2002, ita kuma ta kaɗa ƙuri'ar amincewa da shi a majalisar dattawa.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda mutanensa suka iya ƙirge. A Babbar Talata ta 2008 Clinton ta ci New Jersey, babbar jiha, ta samu wakilai 59, Obama 48, ribarta 11. Obama ya ci Idaho, jihar da ba wanda ya damu da ita, da wakilai 15, ita 3, ribarsa 12. Kanun labarai sun tafi New Jersey, amma a lissafin tikiti Idaho ta shafe ta. Da irin waɗannan ƙananan jihohi, da jerin nasarorin da ya yi a watan Fabrairu, ya gina ratar da Clinton ba ta iya cikewa ba har watan Yuni. In ka ga matashi yana buɗe ofisoshi a jihohin da za su yi zaɓe wata biyu a gaba, ba inda kyamarori suke kaɗai ba, to ka ɗauke shi da muhimmanci.

Akwai kuma abin da ba ya hannun ɗan takara, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bill Clinton ya samu tsagar a 1992: bayan yaƙin Gulf farin jinin shugaba George Bush babba ya yi sama, manyan jam'iyyar Democrat irin su Mario Cuomo, gwamnan New York, suka ƙi fitowa, gwamnan ƙaramar jiha Arkansas ya tarar da fili. Marco Rubio bai samu ba a 2016. Yana da shekara 44, sanata ne daga Florida, ya zo na uku a Iowa da rata kaɗan, manyan Republican da yawa suka fara karkata gare shi. A muhawarar New Hampshire abokin takararsa Chris Christie ya ritsa shi, ya yi ta maimaita jimla ɗaya kamar wanda ya haddace, ya faɗo na biyar a jihar. Ko ba don wannan ba, 'yan takara da yawa ne ke rabon ƙuri'ar masu ƙin Donald Trump, Trump kuma yana cin jihohi da kashi 30 da wani abu. A ɓangaren Republican wasu jihohin wanda ya zo na ɗaya ke kwashe wakilai duka, Florida na cikinsu da wakilai 99. Ranar 15 ga Maris Trump ya kayar da Rubio a gidansa, ya janye a daren. Vivek Ramaswamy a 2024, mai shekara 38, nasa ya fi sauƙin ganewa: ya nemi ƙuri'ar masoya Trump alhali Trump ɗin yana cikin takarar. Na huɗu ya zo a Iowa, ya janye nan take.

Kuɗi kam dole ne, amma kada ya ruɗe ka. Beto O'Rourke ya tara sama da dala miliyan 6 a ranar farko da ya ayyana takara a 2019, ya janye a watan Nuwamba tun kafin a kaɗa ƙuri'a ko ɗaya. Michael Bloomberg ya kashe kusan dala biliyan ɗaya daga aljihunsa, abin da ya ci shi ne tsibirin Samoa na Amurka. Kada kuma ka ɗauka matashi yana da ƙuri'ar matasa a aljihu. A 2020 matasan Democrat suna wajen Sanders mai shekara 78, Buttigieg ya fi karɓuwa a wajen dattawa. Wannan ba aibi ba ne, tunda dattawa sun fi fitowa zaɓen fid da gwani, amma ya nuna kalmar “sabon jini” ba ta isa ta zama manufa ba.

Saboda haka in wani ya taso gobe, bar kallon matsayinsa a ƙuri'ar jin ra'ayi ta ƙasa baki ɗaya. Nemi alƙaluman da aka rarraba, ka ga nawa yake samu a wajen baƙaƙen fata da 'yan Latin Amurka in ɗan Democrat ne, ko a wajen Kiristoci masu ra'ayin riƙau da fararen fata marasa digiri in ɗan Republican ne. In wata shida sun wuce yana nan a kashi 2 ko 3 a wajen waɗannan, da wuya nasara a jiha ɗaya ta gyara. Duba mutum nawa ne ke neman irin masu zaɓen da yake nema, da ko ɗaya daga cikinsu ya fi shi daɗewa a zukatan jama'a. Ka kuma duba jadawalin shekarar, domin ba a tsaye yake ba: a 2024 jam'iyyar Democrat ta sa Carolina ta Kudu a gaba a jadawalinta, kuma da a ce haka aka yi a 2020, da wataƙila ba ka taɓa jin an ce Buttigieg ya zo na ɗaya a ko'ina ba.

Game da neman sunansu ka rasa kuwa, yawancinsu ba ɓacewa suke yi ba. Buttigieg ya zama ministan sufuri a gwamnatin Biden a 2021, Rubio ya zama sakataren harkokin waje a gwamnatin Trump a 2025. Al Gore ya nemi tikiti a 1988 yana ɗan shekara 39 bai samu ba, ya zama mataimakin shugaban ƙasa bayan zaɓen 1992, ya karɓi tikitin a 2000. Shi kansa Biden da ya tare wa Buttigieg hanya, yana da shekara 44 ya fara nema a 1987, ya janye kafin a fara zaɓe, ya sake gwadawa a 2008 ya janye bayan zaɓen Iowa, sai a karo na uku ya samu.